Ko ka sani? Akwatin da ke saita gudun famfo yana gurɓata wutar layi

A ƙasar Kurfai, daga Filinge har ƙauyukan bakin Dallol Boso, rijiyar burtsatse ce ran mutane da dabbobi. Injin lantarkin da ke turo ruwan daga ƙasa irin wanda Nikola Tesla ya yi wa rajista ne a 1888: ƙarfi gare shi, ga juriya, amma gudu ɗaya ya sani, wanda bugun wutar layi ya yanka masa. A Nijar bugun 50 ne a daƙiƙa.

Shi ya sa ake haɗa shi da akwatin saita gudu. Amfaninsa babba ne. Injin da aka tayar kai tsaye yakan ja wuta ninki biyar zuwa bakwai na wadda ya saba ci, akwatin kuwa a hankali yake tayar da shi. In aka rage gudun famfo da kashi 20 cikin 100, wutar da yake ci tana iya raguwa da kusan rabi.

Matsalar tana wurin yadda akwatin ke ɗibar wutar. Ba ya shan ta a jere; jira yake sai igiyarta ta kai ƙololuwa ya fizge ta, kamar mai kwankwaɗar ruwa da ƙishi. Wannan fizga ke haifar da wasu bugu na daban a cikin layi, mafi ƙarfinsu 250 da 350 a daƙiƙa. Ido ba ya ganinsu, sai dai taransifoma ta yi zafi ba a ɗora mata kaya fiye da kima ba, waya ta ɗumama. Na 250 ɗin ya fi ban takaici, don baya yake tura injinan maƙwabta, su yi ta ɗaukar zafi a banza.

Inda layin kamfanin wuta na NIGELEC ya yi nisa, ko inda ƙaramin janareta ke ɗauke da unguwa, abin ya fi tsanani, saboda wutar ba ta da ƙarfin shanye gurɓatar. Famfon da ke cin wuta kai tsaye daga farantan hasken rana bai taɓa layin kowa ba. Sai ranar da aka jona shi da layi ko janareta.

Akwai magani: naɗin waya mai zuciyar ƙarfe da ake sa wa a gaban akwatin, yana tausasa fizgar ƙwarai. Kuɗinsa bai kai na taransifoma ba ko kusa, kuma a ganina kwamitin ruwa ya kamata ya tambayi mai haɗawa ko ya sa shi, tun kafin a biya.