Shanya ba wanki ba ce: gyara ga saƙon da ke yawo a kan rigar jujitsu

Wani saƙo yana ta zagaya wayoyin samarinmu a WhatsApp, daga Yelwa zuwa Wara har Shanga, musamman cikin masu judo da karate da 'yan tsirarun da suka fara koyon jujitsun Barazil ta bidiyon YouTube. Wai nasiha ce a kan rigar atisaye mara nauyi, wadda masu wasan ke kira gi. Ba sunan marubuci, ba majiya, sai "a tura wa 'yan'uwa" a ƙasa. Abu biyar ya faɗa. Ɗaya gaskiya ne, uku shirme ne da asararsu ba ta wuce ta kuɗi ba, na biyar kuwa yana iya kai yaro asibiti.

Wai baƙar riga sai mai baƙin bel: ƙarya ce. Matsayi a bel yake, kuma hukumar IBJJF mai shirya manyan gasannin wasan ta yarda kowa ya sa fara ko shuɗiya ko baƙa. Wai a riƙa jiƙa farar riga a bilic don ta yi haske: za ta yi hasken, amma bilic yana cin zaren auduga, ran da aka finciki hannun rigar sai ya ɓarke. Wai ruwan zafi yana sa ta tsuke: wannan gaskiya ne, halin auduga ke nan.

Wai kuma riga mara nauyi jabu ce. Ba haka ba ne. Ana auna kaurin yadin da giram a kowace murabba'in mita. Mara nauyi takan kama daga 350 zuwa 450, masu kauri kuma su kai 550 ko su wuce. A gasannin IBJJF ana ɗora ɗan wasa a sikeli sanye da rigarsa, shi ya sa ƙwararru da yawa ke neman mara nauyin. Mai kaurin ta fi jure fizga, wannan ba musu. Amma wanda zai yi atisaye a Yauri cikin watan Afrilu, lokacin da zafi ke haura digiri 40, ya san wadda jikinsa zai iya ɗauka. Abin dubawa wajen saye shi ne ɗinkin hammata da na gwiwa da tsagar gefe, da taurin wuyan rigar. A kuma sayi mai ɗan yalwa, domin ko da ruwan sanyi ake wanki sai ta ɗan ja.

Na biyar shi ya sa na ɗauki alƙalami. Saƙon ya ce yawan wanki yana kashe riga mara nauyi, don haka a shanya ta a rana bayan atisaye, rana tana kashe kowace cuta. Bel kuwa kada a kuskura a wanke shi, wai ƙwarewar mutum tana cikin gumin da ya sha. Wanda ya rubuta wannan bai taɓa zama da yaron da makero ya cinye wa gashin kai ba, in kuwa ya taɓa, to, bai ji tausayinsa ba.

Ba na ganin laifin ƙannenmu da suka gaskata. Mafi yawansu riga ɗaya gare su, daga waje ake shigo da ita, da ƙyar aka tara kuɗinta. Omo kuɗi ne, ruwan garuwa kuɗi ne. Ranarmu kuma da gaske tana da ƙarfi. Sannan wanda ya tashi yana ganin ɗan kokawa ya shigo fili da layu da kambu a damtse, ba zai yi mamaki ba in an ce masa ƙarfi yana zaune a jikin abin ɗaurawa.

Sai dai jujitsu ba irin kokawarmu ba ce, wadda da an kai mutum ƙasa an gama. Shi a ƙasan ma ake fara shi. Minti biyar ko fiye fuskarka tana manne da ƙirjin wani, ana shaƙe ka da wuyan rigarka, yadin yana gurzar wuya da gwiwar hannu yana barin ƙananan ƙujewa da ido ba ya lura da su. Ta nan ƙwayar makero take samun ƙofa, haka ma ƙwayar cutar da ke kawo maruru, wadda wani nau'inta ya daina jin magungunan da aka saba. Ba talauci ne kaɗai ke kawo wannan ba. A Japan, mahaifar judo, tun wajen shekarar 2000 wani nau'in makero ya bazu cikin 'yan judo da 'yan kokawa na makarantu, likitocin fata suka yi shekaru suna fama da shi.

Haɗuwar fata da fata ita ce babbar hanyar yaɗuwa, don haka ba zan ce wanki kaɗai yana hana kamuwa ba. Amma tufa da tawul da katifar atisaye suna ɗaukar ƙwayar, wannan tabbatacce ne, kuma tana iya daɗewa a jikinsu da ranta. Rana tana taimakawa, tana busar da danshi, tana rage abin da ke saman yadi. Abin da ba ta yi shi ne fitar da maiƙon jiki da ɓurɓushin fata da suka shige cikin saƙa, kuma ɓurɓushin fatar ne abincin makero. Wuyan rigar ninki ne a kan ninki, sau da yawa da roba a ciki. Haske ba ya ratsa shi.

Batun bel kuwa tatsuniya ce da ta daɗe tana yawo, wai farin bel ne yake komawa baƙi saboda dauɗar shekaru. Jigoro Kano, wanda ya kafa makarantar Kodokan a Tokyo a 1882, shi ya fito da baƙin bel da gangan don bambanta ɗaliban da suka yi nisa. Daga makarantarsa Mitsuyo Maeda ya fito, ya isa Barazil a 1914, inda iyalin Gracie suka koya suka gina nasu salon. Bel yadi ne kamar rigar, ana kama shi da hannu, ana birgima da shi a ƙasa. A wanke shi.

Duk ranar da aka yi atisaye a wanke riga da wando da bel da omo da ruwan sanyi, a juya cikin waje, a shanya har wuyan ya bushe ƙayau. Kada a bar ta ta kwana a jaka da gumi. A nan ma mara nauyin ta fi, domin ita ce ke bushewa da wuri. Da damina dai, mai hali ya nemi ta biyu. In makero ya ɓulla a cikinku, ruwan sanyi bai isa ba. Gwajin da aka yi a kan safa ya nuna wanki a digiri 60 yana kashe ƙwayar, na digiri 30 kuwa yana barin ta. A irin wannan lokaci a sa ruwan zafi ko da rigar za ta ɗan tsuke, a bi da guga mai zafi, a kauce wa robar wuya.

Akwai abin da ya shafe mu mu na bakin ruwa. Kada jin wannan ya sa yaro ya kwashi riga ya tsaya cikin tafkin Kainji har gwiwa yana wanki kullum. Tun da aka kammala madatsar Kainji a 1968 ruwan ya kwanta, gaɓarsa ta zama mazaunin ƙananan dodon koɗin da ke ɗauke da tsargiya, kuma ta fata ƙwayar take shiga. A yi amfani da ruwan rijiya ko na burtsatse. In ba sai na tafkin ba, a ajiye shi a mazubi kwana biyu kafin a sa hannu.

Wanda ya ga zagayayyen tabo mai ƙaiƙayi a jikinsa ya dakata da atisaye, ya je wurin ma'aikacin lafiya. Na jiki yakan ji man shafawa irin su clotrimazole ko terbinafine in an dage makonni. Na kai sai da ƙwayar sha. A guji mayukan nan masu haɗi uku da ake saya a kemis ba tare da takarda ba, yawancinsu da sitiroyid a ciki, yana kwantar da ƙaiƙayin ƙwayar kuma tana ƙara yaɗuwa. Maruru mai zafi da kumburi, balle in da zazzaɓi, kada a matse, a tafi asibiti. Malaman da ke horar da yaran nan kuma su riƙa duba wuya da hannu da kan kowa kafin a hau katifa, su hana aron riga da tawul, wanda aka ga tabo a jikinsa ya zauna gefe har ya warke.