Shekara Guda a Bakin Kogin Dilimi

A biranen da ke bakin teku, irin su Legas da Akara da Dakar, mutane sukan fita da safe ko da yamma su yi tattaki a gaɓar ruwa, suna kallon igiyar ruwa da jiragen masunta da tsuntsaye. Mutumin Laranto ba shi da teku. Laranto unguwa ce a arewacin birnin Jos, kuma tsakaninta da teku akwai tafiyar ɗaruruwan kilomita. Abin da Allah ya ba shi su ne duwatsu da kududdufai da kuma Kogin Dilimi, wanda ya ratsa gari, ya bi ta Farin Gada, ya nufi arewa. Duk wanda ya saba bin wannan hanya da ƙafa, daga kasuwar Katako zuwa gadar, zai iya faɗin lokacin da ake ciki a shekara ko da bai dubi kalanda ba. Iska da tsuntsaye da launin ruwa sukan gaya masa.

Abu na farko da baƙo yake ji a jikinsa shi ne sanyi. Jos tana kan tudu mai tsayin kimanin mita 1,200 daga bakin teku, yayin da Kano ba ta kai mita 500 ba. Tsaunukan Shere, waɗanda ake hangowa ta gabas, sun zarce mita 1,800. Idan mutum yana hawa sama, zafin iska yana raguwa da kimanin digiri shida a kowace mita 1,000. Wannan shi ne dalilin da ya sa mazaunin Jos yake neman bargo a daren da mutanen Kano suke kwana a waje.

Sanyin yakan tsananta a Disamba da Janairu, lokacin hunturu. Iskar wannan lokaci daga arewa maso gabas take tasowa, ta ratso hamadar Sahara, ta iso a bushe ɗauke da ƙura. Tun da babu gajimare a sama, zafin da ƙasa ta sha da rana yakan fice da sauri cikin dare. Da asuba sai a ga hazo ya rufe duwatsu, mutane sun kewaye teburin mai shayi, 'yan gwanjo na Katako kuma sun baje rigunan sanyu. Ƙadangare ma yana jin sanyin. Jikinsa ba ya samar da ɗumi kamar namu, saboda haka jangwada yakan kwanta a kan dutse ya sha hantsi kafin ya iya bin ƙwari.

A wannan lokaci ruwan Dilimi yakan janye, amma bakin kogin ya fi ko'ina kore. Masu lambu suna jan ruwa da inji suna ba kabeji da karas da latas da tumatir, waɗanda ake kaiwa kasuwar Farin Gada a yi lodinsu zuwa wasu jihohi. Balbela tana bin shanu domin ta kama farin da suke tayarwa. Idan an sa wa ciyawa wuta a gefen tsauni, shirwa takan yi ta shawagi a kan hayaƙin tana cafke abin da ya gudo. A cikin lambunan akwai wani ɗan tsuntsu mai rawayan ciki wanda ba ya daina kaɗa wutsiya. Ba a nan aka ƙyanƙyashe shi ba. Daga Turai yake zuwa wajen Satumba ko Oktoba, ya ƙetaro Bahar Rum da Sahara, ya koma wajen Afrilu.

Kafin ya gama shirin komawa, iska ta juya. Yanzu daga kudu maso yamma take busowa, wato daga Tekun Atlantika, kuma tana ɗauke da danshi. Idan ta iso tudun Jos, tilas ta hau sama. Tana hawa tana sanyi, danshin ya zama gajimare, gajimare ya zama ruwa. Ashe ko da Laranto ba ta ganin teku, ruwan teku ne yake sauka a kan rufin gidajenta. Jos takan sami ruwan sama kimanin milimita 1,400 a shekara, daga Afrilu zuwa Oktoba, wani lokaci har da ƙanƙara mai lalata ganyen shuka.

Halittu sukan riga mutane sanin wannan sauyi. Shamuwa takan bayyana daga kudancin Afirka, shi ya sa manomi yake gyara fartanyarsa da zarar ya gan ta. Bayan ruwan farko shinge yakan fito daga suri da dare ya yi dafifi a jikin fitila, yara da kwaɗi da kaji kowa ya sami rabonsa. Namijin kabare kuma yakan sake riga: jikinsa ya zama rawaya, kansa baƙi. Sai ya yago ganyen ciyawa ya saƙa sheƙa mai ƙofa ta ƙasa a ƙarshen reshe, sau da yawa a saman ruwa, inda maciji zai sha wuya kafin ya kai. Idan ya gama, ya rataya a jikinta yana kaɗa fukafukai, yana kiran mace ta zo ta duba. In aikin bai gamshe ta ba, sai ya sake wata.

Damina ba ta rasa haɗari. A Yuli da Agusta kogin da yaro yake tsallakawa da rani yakan cika cikin sa'a guda, ya zama ja saboda ƙasar da ya kwaso. A watan Yuli na 2012 ruwa mai ƙarfi ya sa madatsar Lamingo ta tumbatsa, ambaliya ta afka wa unguwannin da ke bakin kogin, irin su Gangare da Rikkos da Unguwar Rogo, mutum fiye da 30 suka rasu. Gine-gine a kan hanyar ruwa da shara da ake zubawa a magudanai suna ƙara wa irin wannan masifa ƙarfi. Kududdufan da ke kewayen gari ma abin tsoro ne. Yawancinsu ramukan haƙar kuza ne, sana'ar da kamfanonin Turawa suka shiga a nan a farkon ƙarni na 20. Samansu a kwance yake, amma suna da zurfi, kuma gefensu a miƙe yake kamar bango.

Shi kuwa ruwan Dilimi, daga teku ya zo amma ba ya komawa can. Yana gangarawa Jihar Bauci ya zama Kogin Jama'are, ya haɗu da na Haɗeja, su nufi Tafkin Cadi. Kogin Kaduna, wanda shi ma daga wannan tudu ya taso, shi ne yake faɗawa Neja ya kai ga teku.

Yawan lura yakan kai ga ilimi. Kowa ya san baiwar Allah, 'yar tsuntsuwar nan ja mai tsintar tsaki a tsakar gida. Tana da wata 'yar'uwa mai jan baya da ke zaune a cikin duwatsun Jos, wadda masana ba su bayyana ta a matsayin jinsi na daban ba sai a 1998. Akwai kuma wani ɗan baƙin tsuntsu da ba ya yin sheƙa. Macensa takan saka ƙwanta a sheƙar mai jan bayan, a rena mata ɗa, ɗan kuma ya tashi yana kwaikwayon kukan waɗanda suka rene shi. Ana nazarin su duka biyu a dajin Amurum da ke Laminga, gabas da Jos, inda Jami'ar Jos take da cibiyar binciken tsuntsaye ta A. P. Leventis.

Mai lura yakan ga abin da ya ɓace ma. Dattawa sun san lokacin da ungulu take cika mahauta da bayan kasuwa, har ba a ɗauke ta a bakin komai ba. An rage ta da guba, da farauta domin sayar wa masu magani, da sare dogayen itatuwan da take sheƙa a kai. A 2015 ƙungiyar kare halittu ta duniya, wato IUCN, ta sa ungulun gari cikin jerin tsuntsayen da ke dab da ƙarewa. Aikinta shi ne cinye mushe kafin ya ruɓe ya jawo cuta. Yau mai tafiya daga Katako zuwa Farin Gada zai ga hankaka da karnuka a kan juji, amma yana iya yin wata guda bai ga ungulu ko ɗaya ba.