'Yan Mazan Jiya a Mararaban Rido

A Mararaban Rido, dab da matatar man Kaduna a kan hanyar Kachiya, ba wuya ka ji ana kiran wani dattijo "Baba Soja" ko "Saje", har yaran unguwa sun manta sunansa na yanka. Irin waɗannan dattawa da yawansu 'yan kudancin jihar Kaduna ne, Bajju da Atyap da Ham da Adara, waɗanda aikin soja ya kawo Kaduna. Da suka ajiye kaki, sai suka nemi fili mai sauƙi a gefen gari suka kafa bukka.

Yaƙin basasa ne ya kwashe su. Kafin ya ɓarke a ranar 6 ga Yuli 1967, sojojin Nijeriya ba su wuce kimanin 10,000 ba. Lokacin da aka gama a 15 ga Janairu 1970 sun kai wajen 250,000. Samari ne 'yan ƙauye, wasu ko gemu ba su fara ba, aka yi musu horon gaggawa aka tura su fagen daga. Runduna ta ɗaya, ƙarƙashin Muhammadu Shuwa, ita ce ta kama Inugu a Oktoban 1967. Littattafai sun riƙe sunayen hafsoshi. Kurtun da ya kwana a rami cikin ruwan sama kuwa, lamba kawai yake da ita.

Bayan yaƙi gwamnati ta ga rundunar ta fi ƙarfin aljihunta, sai aka shiga rage ta a zamanin Murtala da Obasanjo. A nan ƙafar wasu ta zame. Wanda aka sallama kafin ya cika shekarun da doka ta gindaya, ba shi da fansho. Masu sauran ƙarfi suka kama gadi a masaƙun Kakuri, ko a matatar da aka buɗe a 1980. Masaƙun kuma suka durƙushe: KTL a 2002, UNTL a 2007. Mutum ya tsufa, ga jikoki, ga hawan jini, ga kunnen da ƙarar bindiga ta kashe tun yana saurayi.

Masu fanshon ma ba hutu suka samu ba. Hukumar fanshon soja tana Abuja, kuma kowace tantancewa tana neman takardar sallama da lambar aiki. Wanda gara ta cinye masa takarda, ko aka rubuta sunansa da wani harafi daban, sai ya yi ta sintiri. Shi ya sa aka sha ganin tsofaffin sojoji sun shimfiɗa tabarma a ƙofar ma'aikatar kuɗi suna neman bashin haƙƙinsu. A ganina, furen da ake ajiyewa kowace 15 ga Janairu don tunawa da 'yan mazan jiya ba ya wanke wannan abin kunya.

Akwai kuma ciwon da ba ya fita a hoton asibiti. Dattijon da ke zabura cikin dare, ko ya fusata don an harba abin wasan wuta lokacin Kirsimeti, sai a ce giya ce ko rikicin tsufa. Sau da yawa yaƙin ne bai sake shi ba, kuma likitocin ƙwaƙwalwa suna da maganin da ke sassauta shi.

Iyalin da ke da irin wannan uba su tashi tun yana da rai. A ɗauki hoton takardunsa a adana, a tabbatar sunan magajin da ke fayil ɗinsa na wanda ke raye ne, domin gwauraye da yawa a nan suke maƙalewa. A kai shi ofishin ƙungiyar 'yan mazan jiya, wato Lijiyon, a kuma bincika rajistarsa ta inshorar lafiyar sojoji kafin ciwo ya kai shi asibitin soja na 44. Wanda ya shiga soja yana ɗan shekara 18 a 1967, yau ya haura 75.