Ragar da jiki ke cinyewa bayan ta gama aiki

Matan da aka yi wa tiyatar haihuwa a Kafanchan ko Kaduna sun san zaren ɗinkin da ba a warwarewa, domin jiki ne ke narkar da shi bayan rauni ya haɗe. A kan wannan hikima masana suka gina fannin gina tsoka, wanda Robert Langer da Joseph Vacanti suka fayyace manufarsa a mujallar Science a 1993: a saƙa raga da folima, wato roba mai narkewa a jiki, a dasa ta inda ƙashi ko tsoka suka ɓace, ƙwayoyin halitta su bi ta su hayayyafa, kamar yadda doya ke bin sandar da manomi ya kafa mata.

Wajen saƙar ne na'urar bugawa ta 3D ta shigo. A dabarar da Paul Dalton da Dietmar Hutmacher suka bayyana a Ostireliya a 2011, ana narkar da folimar PCL, wadda zafin digiri 60 ya ishe ta, sai ƙarfin lantarki ya ja ta daga bakin allura ta zama zaren da ya fi gashin kai siriri, kwamfuta tana jera shi hawa-hawa, tana barin ƙofofin da jijiyoyin jini za su ratsa. Babbar wahalar ita ce lokaci, domin idan ragar ta narke kafin ƙashi ya yi ƙwari wurin zai rufta, idan kuma ta daɗe fiye da kima za ta tare wa sabuwar tsoka hanya. PCL takan kai shekara biyu zuwa uku kafin ta ƙare, shi ya sa likitocin Jami'ar Michigan suka zaɓe ta a 2012 don tallafe maƙogwaron wani jariri da numfashinsa ke toshewa.

'Yar'uwarta PLA kuwa daga sitacin masara ko rogo ake samo ta, bayan an tsima shi ya ba da asid irin wanda ke tsamar da nono. Gonakin Kujama, hedkwatar ƙaramar hukumar Chikun, suna noma duka biyun, amma tsakanin buhun masara da folimar da ta cancanci shiga jikin mutum akwai tacewa mai tsanani da gwaji na shekaru. Wannan aiki ne da ya dace masanan kimiyyar haɗa sinadarai na Jami'ar Ahmadu Bello da likitocin Asibitin Ƙashi na Dala su sa gaba tare, tun da karayar da ta tafi da guntun ƙashi, irin ta haɗarin babur, ta fi ƙarfin mai ɗori.