Tseren Keke Aikin Gayya Ne

A ƙasar Junju, cikin jihar Doso, keke ba baƙo ba ne. Da shi ake kai rake kasuwa, da shi ɗalibai ke zuwa lakwal. Samarin da suka saba tuƙa shi da kaya cikin rairayi suna da ƙarfin ƙafa. Amma ƙarfi kaɗai ba ya cin tsere.

Babban abokin gabar mai tseren keke shi ne iska. Wanda ke gaba shi ke tsaga ta, wanda kuwa ya laɓe dab da bayansa yana samun sauƙin kusan kashi 30 cikin 100 na wahalar. Saboda haka ƴan ƙungiya ɗaya sukan yi karɓa-karɓa: na gaba ya ja ɗan lokaci, ya kauce ya koma baya ya huta, na biye da shi ya karɓa.

Ga misali. Daga Gaya zuwa Doso akwai kimanin kilomita 150. Lokacin hunturu iska na busowa daga arewa maso gabas, watau ta hannun daman mai nufar Doso. A nan ba a jerawa sak. Na gaba yakan riƙe gefen dama, sauran su jeru a karkace ta hagunsa, kowa ya fake da ɗan'uwansa. Wanda ya rasa wuri cikin jerin zai sha iska shi kaɗai, kuma da wuya ya sake cim musu.

Kowace ƙungiya tana da madugu, wanda ake so ya ci. Sauran masu hidima ne: su tsare masa iska, su ɗauko masa ruwa, in tayarsa ta fashe wani ya ba shi tasa. Idan ɗan ƙungiya ya ɓalle ya yi gaba, abokansa ba sa ja don a kamo shi, sai su bar abokan hamayya su gaji da kora. In an kusa isa, masu hidima su ƙure gudu ɗaya bayan ɗaya, madugu ya fito a mitocin ƙarshe da sauran ƙarfinsa.

Maƙwabta sun daɗe da gane wannan. A shekarar 1987 aka fara tseren kewaya Burkina Faso, kuma ɗan Tarayyar Sobiyet ne ya ci na farko. Daga baya ƴan ƙasar sun ɗauki rigar rawaya ta zakara, kamar Rasmane Wedraogo a 2012 da Matiyas Sorgo a 2018. A tseren kewaya Faransa kuwa, wanda aka fara a 1903, al'ada ce zakara ya raba kuɗin kyautarsa ga abokan tafiyarsa, don ya san gumin wa ya kai shi.

Manomin Junju ya san gayya: yau gonar wannan, gobe ta wancan. Samari biyar ko shida da za su riƙa fita tare da sassafe, da birki mai kamawa da hular kwano, su nemi izinin hukuma kafin su shirya tsere bisa babbar hanya, sun isa ƙungiya. Abin da zai fi yi musu wuya shi ne yarda da wanda zai zama madugu. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.