Tarin Fukan da Ba Ya Sa Tari

Tun makon jiya wani saƙon murya ke yawo a wayoyin matan unguwarmu. Wata dattijuwa ce ke jan kunne cewa duk wanda ƙulli ya fito wa a wuya kada ya kuskura ya bari a soka masa allura a asibiti. Wai daji ne, daji kuwa ba ya shiri da ƙarfe, ana taɓa shi zai bazu a jiki. Na saurara har sau biyu, raina ya ɓaci, domin wannan maganar ce ta jawo wa ƙanwata wahalar wata bakwai.

Nata ƙullin ya fito a ƙasan kunnen dama, bai wuce girman gurjiya ba. Babu zafi, babu ja, hijabi kuma ya rufa masa asiri. Kafin wata biyu wasu sun tsiro a gefensa, suka manne da juna kamar dabinon da ya daɗe a buhu. Da la'asar jikinta ya yi ɗumi, da dare ta jiƙa matashi da gumi, zobenta ya fara zamewa daga yatsa. An sha kafso na kemis, an sha jiƙo, daga ƙarshe aka kira wanzami ya yi sakiya. Wurin da ya huda bai rufe ba, kullum yana tsiyayar ruwa. Ranar da na ambaci tibi, wato tarin fuka, Inna ta dube ni ta ce, "Haba ɗan nan, yarinyar da ko gyaran murya ba ta yi?"

Sunan da muka raɗa wa cutar ne ya yaudare mu. Ƙwayar tarin fuka ta huhu take shiga, amma ba dole ta tsaya nan ba. Takan bi jini da magudanan ruwan jiki ta sauka a ƙashin baya, ko ciki, ko ƙoda, ko rigar ƙwaƙwalwa. A lissafin Hukumar Lafiya ta Duniya, kimanin 15 cikin 100 na masu tibin da ake samu cutar tasu a wajen huhu take, kuma masaukin da ta fi so shi ne kaluluwa, musamman ta wuya. Kowa ya san kaluluwar da ke tasowa a matsematsi idan an yi tuntuɓe: tana zafi, tana ɗingisa mutum, mako ɗaya ko biyu ta kwanta. Ta tibi shiru take zuwa, ta yi makonni tana girma, ta narke daga ciki ta tara mugunya ba tare da ƙuna ba. Tana yawan kama mata, da masu ɗauke da cutar ƙanjamau.

Ba mu kaɗai ta ruɗa ba. A Ingila da Faransa an yi ɗaruruwan shekaru ana kiranta ciwon sarki, ana layi domin sarki ya shafa wuyan maras lafiya. A 1712 aka kai Samuel Johnson, wanda daga baya ya rubuta shahararren ƙamusun Ingilishi, yana ƙaramin yaro gaban Sarauniya Anne ta shafa shi. Sai ranar 24 ga Maris, 1882 Robert Koch ya bayyana ƙwayar cutar a Balin. Su sun daina layin fada, mu har yau muna layin wanzami.

To yaya ake gane ta? Gwajin kaki, wanda kowa ya sani, labarin huhu yake bayarwa. Wanda cutarsa ke wuya zai iya kai kaki sau uku a ce babu komai, hoton ƙirjinsa ma ya fito fes. Kamar a ce ɓera na cikin rumbu, kai kuma ka share ɗakin girki ka ce gida lafiya lau. Gwajin fata da ake yi a hannu shi ma ba ya raba gardama, don abin da yake nunawa kawai shi ne jiki ya taɓa haɗuwa da ƙwayar, kuma a ƙasa irin Najeriya, wadda ta fi kowace ƙasar Afirka yawan masu tibi, manya da yawa sun haɗu da ita suna zaune lafiya. Shafawa da hannu kuwa, ko ta babban likita ce, zato kawai take haifarwa.

Dole a shiga cikin ƙullin. Duk wanda ya taɓa sayen hatsi a Dawanau ya ga ɗan ƙarfen nan mai rami da ake soka wa buhu a zaro ƙwayoyi kaɗan a tafin hannu. Ba a farke buhu, ba a kuma saye a kan rantsuwar dillali. Haka allurar likita take. Siririya ce, ba ta fi wadda ake ɗibar jini da ita ba. Na tsaya a kan ƙanwata ranar da aka yi mata: aka goge wurin, likita ya riƙe ƙullin tsakanin yatsu biyu, ya soka ya zuƙo wani abu fari-fari mai kama da marmashin awara. Kafin ta gama salati an manna auduga.

Abin da aka zuƙo kashi-kashi ake yi masa. Ana shafa wani a gilashi, ƙwararren likita ya duba da madubi ko zai ga zoben ƙwayoyin garkuwa da jiki ke ginawa kewaye da tibi, da mataccen nama a tsakiya. Ana rina wani a nemi ƙwayar kanta, sai dai a kaluluwa ƙwayoyin kaɗan ne, neman su kamar neman gero ƙwaya goma ne a kwanon yashi, sau da yawa ba a gani alhali suna nan. Shi ya sa na'urar GeneXpert ta zama rahama. Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da ita a 2010 don kaki, a 2013 ta faɗaɗa har da samfurin kaluluwa. Ita guntun ƙwayar halittar cutar take kamawa ta yi ta kwafarsa har ya yi yawan da za a gane, cikin kimanin awa biyu, ta kuma faɗi ko ƙwayar ta bijire wa rifamfisin, jigon magungunan tibi. Idan ta ce akwai, magana ta ƙare. Idan ta ce babu, ba a sallami mai ciwo ba tukuna: akwai shuka ƙwayar a ɗakin gwaji, mai ɗaukar makonni, akwai kuma ƙaramar tiyata a ciro kaluluwa guda sukutum a yanka a duba.

Wani sakaci na cikin asibiti ya ci mana mako uku. Duk samfurin farko aka zuba a ruwan fomalin, wanda ke adana nama don madubi amma yana kashe ƙwayar, ba ta shukuwa, kuma ba a sa shi a GeneXpert. Kason waɗannan gwaje-gwajen a ruwan gishiri na asibiti ake sa shi. Kwalba ɗaya da ba a tanada ba ta sa aka sake soka yarinya, aka sake biyan kuɗin mota.

Yanzu ga maganar daji. A ce ma dattijuwar ta yi gaskiya, ƙullin sankara ne. Ai a nan allura ta fi zama tilas, domin sankarar kaluluwa da ake kira limfoma tana zuwa da zazzaɓi da gumin dare da rama, sak irin na tibi, haka ma sankarar bayan hanci takan fara bayyana da ƙulli a wuya. Ma'aikacin lafiyar da ya ɗora mutum kan maganin tibi da ka, ba tare da samfuri ba, zai iya ɓata wa mai limfoma watannin da ake iya ceto shi a cikinsu. Na san inda camfin ya samo asali: mutane ba sa zuwa asibiti sai ciwo ya ci ƙarfinsu, a yi allura, bayan mako biyu a rasu, sai a ce allura ce. Zargin zakara ne da kawo asuba. Abin da ke barin gyambon da ba ya warkewa shi ne sakiya da tsaga. Abin da ke rufe sawun cutar kuma shi ne magungunan kemis irin su sifurofulozasin, masu danne tibi na ɗan lokaci su koya mata taurin kai.

Ana haɗawa da gwajin ƙanjamau da hoton ƙirji, saboda wasu suna da ita a wuya da huhu lokaci guda. Wanda huhunsa da maƙogwaronsa suke lafiya ba ya yaɗa ta a numfashi, babu dalilin ware masa kwano. Likita kuma zai iya tambaya ko ana shan madarar da ba a tafasa ba, don akwai tibin shanu mai son kaluluwar wuya.

Maganin tibi kyauta ne a cibiyoyin gwamnati, gwajin kaki ma haka, kuma wannan abin yabo ne. Amma sanarwar rediyo kullum tari na mako biyu take ambata, ban taɓa jin ta ambaci wuya ba. Masu karanta samfurin kaluluwa sun taru a manyan asibitocin koyarwa na Kano da Zariya da Sakkwato da Maiduguri, kuɗin allurar da na sikanin kuma daga aljihun mai ciwo suke fita. Macen ƙauye mai ƙulli ƙarƙashin mayafi ba ta cikin lissafin wanda ya tsara wannan hanya.

Sakamakon ƙanwata ya nuna tibi mai jin magani. Wata biyu tana shan haɗin magani huɗu, wata huɗu tana shan biyu. A mako na shida ƙullin ya ƙara kumbura, Inna ta tashi hankalinta ta ce a daina. Likita ya ce hakan kan faru ga kimanin mutum ɗaya cikin biyar, garkuwar jiki ce ta farfaɗo take faɗa da gawar ƙwayoyin, a ci gaba da sha. Ta ci gaba. Inda allura ta shiga sau biyu babu ko ɗigo a fatarta, tabon sakiya kuwa yana nan a ƙasan kunnenta, faɗin kwabo.