Wifi a cike, amma saƙo ya ƙi tafiya: ina matsalar take?

Yau gidaje da yawa a Yamai, Maraɗi da Damagaram sun sayi ɗan akwatin wifi, ana sa masa layi, kowa a gida yana kamawa. Sai dai kuka ɗaya ake ji: an zuba kuɗi, alamar wifi ta cika a salula, amma saƙo yana ta juyi. Maigida ya zargi yara, yara su zargi rezo. Kafin a yi faɗa, bari mu bi hanyar da saƙon ke bi.

Abu na farko, wifi daban, intanet daban. Wifi ƴar gajeriyar hanya ce tsakanin salularka da akwatin nan, iyakarta gidanka. Kamar famfo ne da ke tsakar gida: kan famfo yana nan lafiya lau, amma in ba a sako ruwa daga tanki ba, ko ka murɗa babu abin da zai zubo. Alamar wifi tana gaya maka kana kusa da akwatin ne kawai. Ba ta ce akwatin ya samu waje ba.

Daga akwatin, saƙo yana zuwa eriyar kamfanin da ka sayi layinsa, ko Airtel, ko Moov, ko Zamani, ko Niger Telecoms. Daga eriya ya shiga igiyar gilashi da aka binne a ƙasa, wadda haske ke gudu a cikinta. Da yake Nijar ba ta da teku, ɗaya daga cikin manyan hanyoyin ta bi ta Doso da Gaya ta shiga Benin har Kwatano, inda ta haɗu da igiyoyin da ke kwance a ƙarƙashin teku. Masu tunawa sun san abin da ya faru ranar 14 ga Maris 2024, a kwanakin farko na azumi: igiyoyi huɗu, WACS, MainOne, SAT-3 da ACE, suka lalace a tekun da ke kusa da Kodebuwa. Intanet ya yi rauni a ƙasashe da dama na yammacin Afirka, aka ɗauki makonni ana gyara. A irin wannan rana ko ka kashe akwatinka ka kunna sau ɗari, ba daga gidanka ba ne.

A ƙarshen hanya akwai babbar kwamfuta da ba ta barci, ana ce mata saba. A cikinta shafin da kake nema yake ajiye. Wanda ke son buɗe shafi, na shago ko na makaranta, abu biyu yake haya: suna, misali mai ƙarewa da .ne wanda shi ne na Nijar, da kuma wurin ajiya a saba. Haya ce, ba saye ba. In shekara ta zagayo ba a biya ba, shafin ya rufe, sunan ma wani yana iya ɗauka. Don haka a rubuta sunan da sunan mai shi, ba na yaron da ya taimaka ya haɗa ba.

To, me ke hannunmu a gida?

Wurin ajiye akwatin. Kada a saka shi cikin kabad ko a ƙasa bayan talabijin. A ɗora shi sama, kusa da taga, a inda rezo ya fi ƙarfi. Katangar siminti, ginin ƙasa mai kauri da ƙofar ƙarfe duk suna cin ƙarfin wifi. A kuma kare shi daga rana, domin zafin watan Afrilu yana sa shi ya yi sanyin aiki ko ya ɗauke.

Layi biyu na wifi. Wasu akwatuna suna nuna suna biyu, 2.4 da 5. Na 5 ya fi sauri amma ba ya nisa. Na 2.4 ya fi ratsa bango. In kana ɗaki ɗaya da akwatin kama 5, in kana zaure kama 2.4.

Lissafin mega. Sauraron murya na awa ɗaya yana cin kimanin mega 30. Bidiyo mai kyan hoto na awa ɗaya yana iya kai giga guda. Wato yaro ɗaya da ke kallo zai cinye abin da mutum talatin za su saurara. A shiga WhatsApp a hana shi sauke hotuna da bidiyo da kansa, a rage ƙarfin hoto a YouTube. Karatun da za a maimaita, a sauke shi sau ɗaya a ajiye.

Lambar sirri. Wadda aka manna a bayan akwatin duk baƙon da ya juya shi ya gani. A canza ta, a sa mai tsawo, haruffa da lambobi, ba lambar waya ko shekarar haihuwa ba. A shafin sarrafa akwatin ana ganin jerin wayoyin da ke kame. In gida mutum shida ne ka ga waya goma sha biyar, ka san inda kuɗinka ke tafiya. Taimakon maƙwabci abu ne mai kyau, amma ya zama da saninka.

Ranar da abu ya tsaya, a bi shi daki-daki. A duba ko forfe ya ƙare. A gwada wata salula: in tana aiki, matsalar ta wayarka ce. A cire akwatin daga wuta, a jira rabin minti, a mayar. In har yanzu shiru, a tambayi maƙwabci mai layi irin naka. In shi ma haka, to sai haƙuri, abin daga nesa ne.

Allah ya sa albarka a abin da muke kashewa.